Wifi Na Kasuwa: Wa Muke Damƙa Wa Saƙonmu?

Sanin kowa ne cewa babu ɗan kasuwar da zai je tashar Jibiya ko ta Ɗan Isa ya ɗora buhu 50 na wake a motar direban da bai taɓa gani ba, sannan ya juya ya tafi gida ya yi barci. Sai ya tambayi ɗan kamasho, ya ji ko wane ne maigidan direban, ya rubuta lambar mota, wani lokaci ma ya haɗa kayan da yaronsa. Haka muka gada, kuma haka ake yi a Illela da Birnin Ƙonni, da Maigatari, da Gaya da Malanbil. To amma abin mamaki, mu ɗin nan da muke wannan taka-tsantsan a kan buhun wake, mu ne kuma za mu zauna a rumfa mu buɗe salula, mu ga sunan wani wifi da ba mu san mai shi ba, mu shiga, mu aika da lissafin miliyoyi ta cikinsa ba tare da gabanmu ya faɗi ba.

Ba laifi ba ne don ciniki ya koma cikin waya. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Yamai na watan Yulin 2023, duk sun koya wa har dattawan da suka rantse ba za su taɓa yarda da transfa ba cewa dole a bi zamani. Yau hoton kaya ta WhatsApp yake zuwa, farashin canji ta nan ake jin sa, kuɗi kuma suna tafiya ta Airtel Money ko Nita a wannan ɓangare, ta OPay ko Moniepoint ko banki a wancan. A gefe guda kuma matasa masu zuciyar nema sun kafa wuraren sayar da tikitin wifi a kasuwanni da tashoshi, abin da ya ƙara yawa tun da Starlink ya shigo Najeriya a 2023 da Nijar a 2025. Mun yaba musu, sana'a ce ta halal, kuma sun taimaki wanda reso ke ba shi wahala a bakin iyaka. Abin da muke so mu jawo hankali a kai shi ne, duk saƙon da ya fita daga wayarmu ta wifi sai ya bi ta hannun wani kafin ya kai inda aka aike shi, kuma a wannan ɗan tsakanin ne ɓarawo yake zama.

Bari mu yi bayanin yadda abin yake, domin wanda bai san hanyar ɓarawo ba ba zai san inda zai sa ƙaya ba. Idan wayoyi 30 suka shiga wifi ɗaya, sun zama kamar baƙi 30 a zauren maigida ɗaya. Akwai akwatin da ke raba intanet, shi ne ƙofar fita. Duk wayar da take son aika saƙo waje sai ta ɗaga murya a cikin zauren ta tambaya: wane ne ƙofar fita? Akwatin ya amsa ya ce ni ne, sai ta miƙa masa. Wannan tsari na tambaya da amsa, wanda masana ke kira ARP, an tsara shi ne tun 1982, lokacin da masu amfani da irin waɗannan hanyoyi ƴan ƙalilan ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma kusan duk sun san juna. Saboda haka ba a sa masa wata hanyar tantance mai amsawa ba. Duk wanda ya ce ni ne, an yarda da shi.

To a nan gizo ke saƙa. Mutum zai sayi tikiti kamar kowa, ya zauna a bakin teburin mai shayi da ƴar kwamfutarsa ko ma waya, ya ce wa wayarka shi ne akwatin, ya ce wa akwatin shi ne wayarka. Daga nan duk abin da ka aika sai ya biyo ta wurinsa, ya duba, ya wuce da shi. Duk amsar da ta dawo ita ma haka. Kai kuwa ba ka ga wani canji ba, iyaka dai ka ce yau reso yana da nauyi. Kamar baƙo ne ya sauka a tasha yana tambaya ina motar Maraɗi, wani ya ce ga ta nan, ya karɓi kayan, ya buɗe a bayan gari ya gani, ya ɗaure, sannan ya kai wa motar gaskiya. Manhajojin da ake wannan aiki da su kyauta suke a intanet, ba ma buƙatar ambaton sunayensu a nan, kuma yaron da ya yi wata biyu yana wasa da kwamfuta zai iya sarrafa su.

Hanya ta biyu ta fi wannan sauƙi, ita ce kura da fatar akuya. Ɓarawon ba ya ma shiga wifi na kowa, nasa yake kunnawa, ya sa masa suna iri ɗaya da wanda mutane suka saba da shi a kasuwar ko a otel. Waya ba ta san fuska ba, suna take bi, kuma idan wifi ne marar makulli wanda ta taɓa shiga, tana iya komawa da kanta tana cikin aljihu, musamman idan na ɓarawon ya fi ƙarfi a inda kake zaune. A 2024 ƴan sandan tarayyar Ostareliya sun gurfanar da wani mutum da ake tuhuma da yin daidai wannan a filayen jiragen sama na Perth da Melbourne da Adelaide, har ma a cikin jirgi yana sama. Fasinja ya ga wifi na kyauta, ya shiga, sai shafi ya fito yana neman adireshin imel ko na dandalin zumunta da lambar sirri, ya rubuta, shi ke nan an kwashe. Ma'aikatan jirgi ne suka lura da wani wifi da ba nasu ba suka kai ƙara. Wannan fa a ƙasar da kusan kowa ya yi karatu kenan.

Amma dole mu faɗi gaskiya, kada mu tsorata jama'a fiye da kima. Zamanin da mai leƙe yake karanta komai ɓaro-ɓaro ya wuce. Waɗanda suka yi zaman sibar kafe a shekarun 2000 za su tuna yadda muke bin layi mu rubuta lambar sirrin Yahoo a kwamfutar da mutum ɗari suka taɓa a ranar. A wancan lokaci saƙonni da yawa tsirara suke tafiya. A watan Oktoban 2010 wani Ba'amurke mai suna Eric Butler ya fito da wata ƴar manhaja, Firesheep, wadda ta nuna wa duniya cewa duk wanda ke zaune kusa da kai a wifi marar makulli zai iya shiga Facebook ɗinka da dannawa ɗaya. Wannan tonon silili ya taimaka wajen tilasta wa manyan kamfanoni su riƙa kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa. WhatsApp ya kammala kulle dukkan saƙonninsa daga waya zuwa waya a watan Afrilun 2016. Shafukan da adireshinsu ya fara da https, da manhajojin banki na ƙwarai, su ma a kulle suke tafiya. Don haka mai leƙe na yau yana iya ganin cewa Alhaji ya buɗe manhajar banki da ƙarfe goma, ya daɗe a ciki, amma ba ya ganin nawa aka tura ko wa aka tura wa. Ko da yake, ga ɗan kasuwar da ke tafiya da dare a hanyar da ba ta da tsaro, ko wannan ɗin ma ba ƙaramin bayani ba ne.

Da yake akwatin ya kullu, sai ɓarawo ya koma neman mai akwatin ya miƙa masa makulli da hannunsa. Kuma wanda ya zauna a tsakiyar hanya yana da damar da mai damfara ta kiran waya ba shi da ita, domin shi ne yake nuna maka shafin farko. Mu ɗauka an kafa wifi na bogi a kusa da rumfar ƴan canji. Ka shiga, shafi ya fito kamar yadda ka saba gani, yana cewa sa lambar wayarka. Ka sa. Sai ya ce an turo maka lambobi 6 ta saƙon waya, rubuta su a nan don a buɗe maka intanet. Saƙon kuwa ya shigo da gaske, da Faransanci ko Turanci, ba ka tsaya karantawa ba, ka kwafe ka rubuta. Waɗannan lambobi 6 su ne na yi wa WhatsApp ɗinka rajista a wata wayar. Kafin ka gama shan shayi wani ya zama kai. Zai shiga rukunonin ƴan kasuwa da kake ciki, da hotonka da sunanka, ya rubuta wa abokin cinikinka na Kano ko Damagaram cewa asusuna ya sami matsala, tura kuɗin nan ta wannan lambar. Shi kuma da yake shekara 20 kuna hulɗa ba ka taɓa cin masa ko dala ba, sai ya tura.

A nan ne asarar ta fi ciwo. Kuɗi ana iya mayar da su, ko a raba asara a gaban sarkin kasuwa. Amma kasuwancinmu na iyaka a kan amana yake tsaye: bashi ba takarda, kaya su tafi kafin kuɗi su zo, kalmar mutum ita ce jarinsa. Ranar da aka ce daga lambar wane aka turo saƙon da ya cinye mutane, ko an gane daga baya cewa ba shi ba ne, akwai waɗanda za su riƙa jan ƙafa da shi har abada. Kuma wannan salo na sauya lambar asusu a tsakiyar ciniki ba ƙaramar sana'a ba ce a duniya. Hukumar FBI ta Amurka ta ce ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa a 2023 kaɗai kan damfarar da ake yi ta hanyar shiga ko kwaikwayon imel na ƴan kasuwa sun kai asarar kimanin dala biliyan 2.9. Ba duka ta wifi aka bi ba, ko kusa, amma duka tushensu ɗaya: wani ya sami shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Akwai kuma jan gargaɗin nan da waya kan fitar wani lokaci, ta ce wannan hanya ba amintacciya ba ce. Sau da yawa agogon waya ne ya ɓace ko shafin ne ya tsufa, shi ya sa muka saba danna a ci gaba. To amma wannan gargaɗi shi ne kuma ainihin abin da ke fitowa idan wani a tsakiya yana ƙoƙarin nuna maka shafin banki na jabu. Wayar ta yi aikinta, ta ce takardar shaidar wannan shafi ba ta yi mini ba, mu ne muka ture ta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka nan duk wifi da ya ce sai ka sauke wata manhaja ko wata takardar shaida kafin ya ba ka hanya, to a fita kawai. Ƴan'uwanmu masu zuwa sarin kaya Dubai da Guwanzu su fi kowa lura da wannan: a 2014 kamfanin Kaspersky ya tona asirin wani gungu da ya laƙaba wa suna Darkhotel, waɗanda suka daɗe suna bin manyan ƴan kasuwa ta wifi na manyan otel a nahiyar Asiya, suna nuna musu saƙon ƙarya cewa wata manhaja tana bukatar sabuntawa, alhali kayan leƙen asiri ne. Tsadar ɗaki ba ta hana komai ba.

Yanzu bari mu juyo kan masu shaguna da masu sayar da wifi, domin a ganinmu nauyi mafi girma a wuyansu yake. Mai shago zai sa intanet don na'urar POS da kyamarar tsaro da kwamfutar lissafi, sannan duk wanda ya zo ya ce Alhaji a ba ni lambar wifi, sai kunya ta sa a ba shi. Nan da wata guda rabin layin sun san ta. Wannan daidai yake da ajiye baƙi a ɗakin da ake ƙirga kuɗi. Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da kamfanin TJX na Amurka, mai dubban kantunan sutura. A 2005 wasu ɓarayi suka sami shiga ta wifi na kantunansa biyu a birnin Miami, waɗanda ke amfani da tsohon makulli mai suna WEP da masana suka nuna rauninsa tun 2001. Daga nan suka kai ga babbar ma'ajiyar kamfanin. Sai a watan Janairun 2007 aka sanar da jama'a, kuma bayanan katunan banki sama da miliyan 45 suka salwanta. Jagoran gungun, Albert Gonzalez, an ɗaure shi shekara 20 a 2010. Ba su fasa ƙofa ba, ba su haura katanga ba. Akwatin wifi na yau kusan duk yana da damar buɗe layi na biyu domin baƙi, wanda ba ya haɗuwa da na na'urorin shago. A sa mai gyara ya kunna shi, a kuma tabbata makullin WPA2 ne ko WPA3.

Su kuwa masu tikiti, da yawansu wani ne ya zo ya haɗa musu na'ura sau ɗaya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, tun daga ranar ba a sake duba ta ba, wani ma lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ce har yanzu a kai. A 2018 an gano wata ɓaraka a akwatunan MikroTik, irin waɗanda ake yawan amfani da su wajen sayar da tikiti. Kamfanin ya fitar da gyara a watan Afrilun shekarar, amma da yake mutane ba su sabunta ba, nan da watan Agusta an shiga sama da 200,000, akasarinsu a Burazil, kuma a watan Satumba masu bincike na ƙasar Sin suka gano sama da 7,500 da aka mayar suna kwafar zirga-zirgar masu amfani da su suna aika wa wasu can nesa. Ka ga a nan mai wifi mutumin kirki ne, bai ci amanar kowa ba, sakaci kawai ya yi, amma abokan cinikinsa ne a tsirara. Kuma akwai wani saiti a cikin waɗannan na'urori da ke hana wayoyin da ke kan wifi ɗaya yin magana da juna, kowace sai dai ta yi da akwatin kai tsaye. Wannan saiti kaɗai yana toshe mafi yawan dabarar nan ta ni ne ƙofa da muka bayyana a sama. Ba a biyan ko sisi don kunna shi. Wanda ke karɓar kuɗin jama'a kullum bai da hujjar barin sa a kashe.

Mun san abin da wasu za su ce: data ta yi tsada, musamman tun ƙarin kuɗin kira da na data da aka amince wa kamfanonin Najeriya a farkon 2025, ga reso na bakin iyaka yau na wannan ƙasa gobe na waccan. Gaskiya ne. Ba mu ce a daina shiga wifi ba. A kalli wa'azi da wasan kokawa da hotunan kaya a can, babu damuwa. Amma tura kuɗi ba ya cin data mai yawa. A kashe wifi na minti biyu, a yi da layin waya ko da lambobin nan na tauraro da ake dannawa, waɗanda ba sa bi ta wifi sam. Wanda zai tura sefa miliyan 3 bai kamata ya yi ƙyashin datar sefa 100 ba. Layin waya ma ba ma'asumi ba ne, amma tare shi yana bukatar kayan aiki da ƙwarewar da yaron bakin tasha ba shi da su. Masu ba da shawarar a sa VPN na kyauta kuwa, mu dai ba mu gamsu ba: ka ƙwace saƙonka daga baƙon da ke kusa ka miƙa wa wani baƙon da ke nesa.

Sai kuma wata ɗabi'a da ba ma son faɗa. Dattijo zai miƙa wa yaro waya a buɗe ya ce sa mini wifi, ya ci gaba da ciniki, wayar ta yi minti goma a hannun wanda bai san sunan ubansa ba. Wannan ya fi duk dabarun kwamfuta sauƙi. Idan dole ne a taimaka wa mutum, ya zama ɗansa ne ko yaron shagonsa, kuma a gabansa. Shi ma wannan yaron a sa shi ya kunna wa maigida tabbaci na biyu na WhatsApp, wato lambar sirrin da mutum ke zaɓa da kansa, ya kuma goge sunayen tsofaffin wifi da wayar ta haddace don kada ta riƙa shiga da kanta.

Doka tana nan. Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015, Nijar tana da tata ta 2019, kuma duka biyun sun haramta tare saƙon mutane ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai abin takaici an fi jin amon waɗannan dokoki idan an kama ɗan jarida ko mai sukar gwamnati, ba idan an cuci ɗan kasuwa ba. Ga kuma matsalar iyaka: an tare saƙo a wannan ƙasa, kuɗi sun faɗa asusu a waccan, jandarma ya ce ba huruminsa ba ne, ɗan sanda ma haka. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa da su ɗauki abin a hannunsu, kamar yadda suka tsara ƴan dako da ƴan kamasho da masu gadi. Duk mai sayar da wifi a cikin kasuwa a san shi, a san mai tsaya masa, a rubuta sunan wifi ɗinsa a allo a ofishin ƙungiya. Mun san ana iya kwaikwayon suna, amma idan an san na gaskiya ɗaya ne, ranar da aka ga biyu za a yi tambaya. A wajabta masa ya manna sanarwa da Hausa, da boko da ajami, cewa shafinsa lambar tikiti kaɗai yake nema, ba ya neman lambar sirrin kowa ko lambar da aka turo ta saƙon waya. A nemi masani amintacce ya riƙa zagayawa yana duba na'urorin lokaci-lokaci, kuɗinsa ya fito daga ɗan abin da masu tikitin za su riƙa bayarwa.

Tsakaninmu da abokan hulɗa kuma mu yi yarjejeniya tun yanzu, baki da baki: duk ranar da saƙo ya zo cewa an canza lambar asusu, ko daga wayar wa ya fito, ba za a tura ko tamma ba sai an kira mutum ta tsohuwar lambarsa, kira na layi, an yi magana da shi an tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Wanda aka kira kuma kada ya ji haushi ya ce ba a yarda da shi ba.